Ranar da Na Raba Takalmana a Tsohuwar Alƙahira

Ƙarar sakata ce ta fara gaya min akwai matsala. Ina duƙe a lokacin, hannuna cikin wani rami a ƙarƙashin matakalar dutse ina laluben takalmina na hagu, sai na ji an turo ƙofa a bayana, ƙarfe ya shiga ƙarfe. Na miƙe da takalmin a hannu. Ƙaramar ƙofar masallacin da na fito ta cikinta ko minti ɗaya ba a yi ba, ga ta a rufe ruf. Na yi sallama da ladabi. Na ƙwanƙwasa da yatsa, na ƙwanƙwasa da dunduniyar takalmin. Katakon nan ya girmi kakan kakana, ko gezau bai yi ba.

A can ɗaya gefen masallacin akwai takalmina na dama, da wayata, da kuɗin komawata gida, da maƙwabciyata wadda ta kawo ni. A nan waje kuwa daga ni sai takalmi ɗaya da safa. Duk wannan bai tsorata ni ba, sai da na tuna babu wata takarda a jikina da za ta nuna ko ni wace ce a ƙasar Masar.

Watana uku ke nan a Alƙahira. Maigidana ɗalibi ne a jami'ar addini, ni kuma na biyo shi da takardar gama sakandare da ɗan Larabcin Islamiyya. Fasfona yana ofis ana yi min iƙama, wato izinin zama, sai aka ba mu wata 'yar farar takarda mai hatimi a madadinsa. Matan ɗaliban da ke unguwarmu a bayan Dokki kowacce tana da labarin wata da aka tare a hanya ba takarda, aka sa ta a mota, daga nan sai jirgi da kayan jikinta. Ba wadda ta taɓa ganin matar da idonta, kullum ƙanwar ƙawar wata ce, amma ni na haddace labarin tsaf. Na sha hango kaina ina sauka a Kano da hijabi ɗaya, 'yan gidanmu da suka yi min walimar tafiya da kaji suna tambayata me na aikata.

Da safen ranar maigida ya ce kada in manta da 'yar takardar. Na ce to. Da ya fita na ɗauko ta na dube ta, na ga ai ita kaɗai gare mu, idan ta faɗi a kasuwa fa? Sai na ɓoye ta a gida. Haka aka rene mu, abu mai muhimmanci ba a yawo da shi.

Maganar takalmi ma daga gida na taho da ita. Babanmu ya sha dawowa daga masallacin Juma'a ƙafa ba komai, har Inna ta daina tambaya. Daga baya ya kafa mana doka: in za ka shiga masallaci, ka ajiye ƙafar dama a wannan ƙofa, ka zagaya ka ajiye ta hagu a waccan, domin ɓarawo ba ya ɗaukar ƙafa ɗaya. Tun da ya fara haka ba a sake yi masa sata ba. Sau biyu dai ya manta inda ya ajiye ta hagun, amma wannan ba a lissafa shi a gidanmu.

Maƙwabciyata kuwa 'yar ƙasar Tailan ce, mijinta ajinsu ɗaya da maigida. Gajeruwa ce, iya kafaɗata ta tsaya, ga saurin tafiya kamar an biyo ta. Muna magana da guntun Turanci da guntun Larabci, muna kiran juna ukhti, wato 'yar'uwata. Kafin ta yi aure, aikinta a Bankok shi ne yawo da baƙi a ƙafa. Tana kai su gidajen ibadar mabiya Buda masu rufi kamar zinariya, ta tsaya da hijabinta ta yi musu bayanin komai, daga nan ta ratsa da su kasuwar furanni, ta fito da su ta kasuwar kifi, ta zaunar da su su sha miyar taliya a bakin kogi. Ta sha nuna min hotunan a wayarta: wani mutum-mutumi a kwance da ya fi tirela tsawo, da limamansu masu lemon mayafi suna karɓar abinci da sassafe. A wani hoton na ga takalma jibge a ƙofar gidan ibada, na tambaye ta wa ke gadinsu. Ta ce ba kowa, kuma ba a ɗauka. Na yi mata murmushin da ake yi wa mai son garinsu.

Ita ta ce gari ba a saninsa ta tagar mota, kuma abin kunya ne mu zauna a Alƙahira ba mu taka tsohon garin da ƙafarmu ba. Ta zo Masar da lemar aikinta, ruwan ɗorawa, mai dogon mariƙi. Tun a taragon mata na jirgin ƙasan metiro ta karɓi wayata da 'yar jakata ta zuba cikin jakarta ta goyo, ta ce haka take yi wa baƙi don kada a yanke musu aljihu. Ta ce in bi lema duk inda ta yi, in kuma na ɓata, in tsaya cak inda nake, ita za ta zo ta same ni. Da muka fito a tashar Ataba ta ɗaga lemar sama, ta juyo ta ƙirga mu. Ɗaya, biyu. Ba wasa take yi ba, hannunta ne ya saba.

Gaskiya har zuwa la'asar ban taɓa jin daɗin yini irin wannan ba. Muka kutsa kasuwar Muski, inda ake sayar da komai daga allura har rigar amarya, masu tura amalanke suna tsaki a bayanmu mu ba su hanya. Muka sha ruwan rake a tsaye. Muka bi layin masu kayan ƙamshi, na yi ta atishawa, na ga zoɓo jibge a buhu ana kiransa karkade, ana yi masa tsada kamar ba shi ne ke fitowa a bayan gidanmu ba. Muka ga masu ɗinkin rumfa a zaune cikin 'yan shagunansu suna sarƙa furanni a jikin yadi. Ita tana gaba tana bayani, ta karanta komai tun a gida, wannan wani sarki ya gina, wancan uwar sarki. Ni ba na riƙe sunayen, tunda ga mai riƙewa. A masallatai biyu na farko na cusa takalmana cikin hijabi na shiga da su. A na uku, wanda ya fi duka girma, dattijon da ke karɓar takalma ya gan ni, ya nuna min kantar da ake ajiye su. Takalman nan yayata ce ta saya min na tafiya, masu ɗan tudu, ranar na fara sa su. In miƙa su ga mutumin da ban san gidansu ba? Na jira ya juya, na tura ta dama bayan wani ginshiƙi, na ratsa filin masallacin da ta hagu a hammata, na samu 'yar ƙofa kusa da wurin sallar mata, na leƙa waje na cusa ta ƙarƙashin matakala. Ban gaya wa ukhti ba, na san za ta yi dariya. Bayan sallah, tana can ta ɗaga kai tana ɗaukar hoton fitilu, na sulale in ɗauko. Ashe ƙofar ana rufe ta da an idar da la'asar.

To ga ni a lungu. Na tuna dokar ukhti, in tsaya cak. Na tsaya kamar na minti biyu. Wani mai gyaran tukwanen tagulla ya daina bugu yana kallona, wata mata ta leƙo ta taga ta kira wata ta zo ta gani. Nan dokar Inna ta taso min, ita kuma tun ina 'yar shekara shida nake jin ta: in kin ɓata a kasuwa kada ki nuna, ki yi tafiya kamar an aike ki. Tsakanin maganar uwa da ta maƙwabciya ba sai an yi shawara ba. Na ce ai bango ne, in na bi shi zan zagayo babbar ƙofa. Na sa takalmin na kama hanya, ƙafa ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Bangon bai yi min adalci ba. Ban yi taku ashirin ba ya shige bayan wani shagon katifa. Na bi lungun da na ga ya fi kusa da shi, lungun ya karkata hagu, ya sake karkata, ya zubar da ni cikin kasuwar 'yan kunne da turare. Na ɗaga kai in nemi hasumiyar masallacinmu, na ga guda biyar, kowacce tana kama da ita. Ko da zan tambaya, me zan ce? Sunan masallacin yana bakin ukhti. Wani mai keke ya wuce da faranti na gurasa a kansa ya kusa kwashe ni. Mai shago ya watsa ruwa a ƙofarsa don ƙura ta kwanta, safata ta shanye rabinsa. Duk da haka fuskata a ɗaure take, kamar wadda aka aika sayen magani.

Mutumin farko da ya gano halin da nake ciki mai sayar da takalma ne. Tun daga nesa idonsa ya sauka a ƙafata, na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya fito da wasu silifa ruwan hoda masu gashi a sama, ya biyo ni yana ya madam, ya madam, yana rage kuɗi shi kaɗai ba wanda ya taya. Na tattaro Larabcin Islamiyya na gaya masa, da cikakken wasali, cewa lalle ni ba na nufin saye kuma ba na mallakar dukiya. Wani da ke shan shayi a gefe ya ce sadaƙallahul azim, kamar na rufe karatu, layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Mai takalmin ya ce to in karɓi ƙafa ɗaya kyauta. Ina jin da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ni so nake kowa ya manta da ni, shi kuwa ya tara min jama'a. Na ƙara sauri.

A bakin lungu na gaba na gan shi. Ɗan sanda ne cikin fararen kaya, dogo, da gashin baki. Ya dubi fuskata. Ya sauke ido ya dubi ƙafafuna, ya daɗe a kansu. Sai ya ɗaga 'yar rediyonsa ya yi magana a ciki, idonsa yana kaina.

Har yanzu da nake rubuta wannan, mako uku bayan abin, in na zo nan sai na ajiye biro na sha ruwa. Na juya a hankali kamar na tuna wani abu. Na ji takunsa a bayana. Ya kira, ya madam. Na shiga tsakanin wasu mata masu baƙaƙen abaya, na fita ta gefen mai gasa masara, na waiga, yana nan tafe, ba ya ko sauri. Da na hango ƙofar wani ƙaramin masallaci da mata ke shiga, na tuɓe takalmin na rungume shi na faɗa ciki.

Niyyata in tayar da sallah in yi ta yi har ya gaji ya tafi. Har na ɗaga hannu na tuna ba a nafila bayan la'asar, kuma matar ɗalibin ilimi ce ni. Sai na samu kusurwa kusa da wata tsohuwa na zauna, na dunƙule, na shiga addu'a. Larabcin ya gudu, da Hausa nake yi, ashe kuma a fili. Na ce ya Allah in Ka fitar da ni daga wannan ba zan sake komawa barci bayan asuba ba. Zan kira 'yar gwaggona da muka yi shekara ba ma magana in ba ta haƙuri. Ba zan sake gulmar matar bene na uku ba.

"Wannan na ƙarshen kada ki ɗauka, 'yar nan," in ji tsohuwar, da Hausa. "Ba za ki iya ba."

Na ɗago. Baƙa ce siririya, ta naɗe jikinta da doguwar lafaya irin ta matan Sudan, carbi a hannunta. Na kama hannun nata da hannu biyu na fashe da kuka. Na ce Hajiya ki taimake ni. Ta ce in bar kiranta Hajiya, kakanta ne ya fito daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je hajji, ya tsaya hutawa a Sudan, har yau suna hanya. Ita tashin hankali ne ya koro ta Masar, tana dafa abinci a wani gida a unguwar Mohandessin, yau ranar hutunta ce ta zo ziyara. Hausarta irin ta tsofaffin ƙauye ce, da Larabci a tsattsarge. Sai na koma ce mata Iya.

Na kwashe komai na gaya mata, takarda, jirgi, lema, ɗan sanda. Ta saurara ba ta katse ni ba, sai da na zo kan raba takalmi. Ta sa na maimaita. Ta ce wato ƙafa ɗaya tana gabas ɗaya tana yamma, ni kuma ina tsakiya. Ta rufe baki da lafaya, kafaɗunta suna rawa, har wata Bamisriya da ke karatu ta yi mana tsaki.

Ta fito da wayarta ta ce in faɗi lambar maigida. Ban sani ba. Tana cikin wayata, me zai sa in haddace? Ta ce ta maƙwabciyar fa, ko tawa da ke cikin jakar? Layin Masar ne, ban taɓa kiran kaina ba. Lamba ɗaya ce a kaina duk duniya, ta Inna a gida. Iya ta ce to a kira ta mana. Na ce gara a sa ni a jirgin. In Inna ta ji ina cikin wani masallaci da takalmi ɗaya ɗan sanda yana jirana, kafin magariba an sauke Alƙur'ani a gida uku, kuma har in mutu ba za a daina ba da labarin a gidan biki ba.

Iya ta tashi ta leƙa waje ta dawo. Ta ce ɗan sandan yana nan, an ba shi kujera, an kawo masa shayi. Na ce shi ke nan, ya yi zaman jirana. Ta ce bari ta je ta ji ta bakinsa. Na riƙe gefen lafayarta na ce kada ta gaya masa ina ciki. Ta ce masallacin ƙofa ɗaya gare shi, kuma a gabansa na shigo.

Ta daɗe. Ina hango su ta tsakanin katakon taga, tana magana da hannu, shi yana nuna ƙafarsa. Da ta dawo ta ce in tashi. Wata 'yar ƙaramar mata mai lema ce ta tayar da unguwar nan tun ɗazu, ta ba kowane ɗan sanda kwatancena, doguwa, baƙa, hijabi ruwan toka, takalmi ɗaya. Na ce dabara ce, haka suke yi. Iya ta ce ita shekarunta sun wuce a yi mata dabara da shayi a hannu, in tashi ko ta kira matan nan su ɗaga ni.

Haka muka fito, ɗan sandan a gaba, Iya riƙe da wuyan hannuna. Muka karya kwana ɗaya, muka karya ta biyu, sai ga babbar ƙofar masallacinmu. Tafiyar ba ta kai ta daga ɗakinmu zuwa wurin mai kayan miya ba. Ashe kusan awa biyu ina zagaye wuri ɗaya. Ga ukhti a tsaye a bakin ƙofar, lema a sama, takalmina na dama a ɗaya hannun, idonta ya yi ja. Ta ce da ta tsinci takalmin bayan ginshiƙi ta gane ta ƙaramar ƙofar na fita, ta je can sau uku, don nan ya kamata in tsaya. Ta ce shekara shida tana yawo da baƙi, har tsofaffin da ba sa ji, har masu yara biyar, ba ta taɓa ɓatar da ko ɗaya ba sai yau da take da mutum ɗaya tak. Dattijo mai karɓar takalma yana gefe, ya dubi takalmin hannunta, ya dubi na hannuna, ya dubi kantarsa.

Da a nan abin ya ƙare, da sauƙi. Akwai wata 'yar rumfar katako kusa da ƙofar, da wani babban jami'i a zaune, mai furfura a gefen kai. Shi ukhti ta fara kai wa ƙara. Ya yi min murmushi, ya ce hamdillah ala salama, wato barka da arziki, ya ɗauki biro zai rubuta an gan ni, ya tambayi sunana da ƙasarmu. Iya ta rantse daga baya cewa abin da ya tambaya ke nan. Ni kuwa da na ga biro da littafi, sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba. Na ce masa, da Larabcin nan nawa mai cikakken wasali, ba ni da fasfo, ba ni da iƙama, ba ni da takarda ko ɗaya.

Iya ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau akwai shatinsa. "Wa ya tambaye ki?" ta ce a hankali. "Wa ya tambaye ki, 'yar nan?"

Jami'in ya ajiye biron. Murmushin bai tafi duka ba, amma ya ragu. Ya yi magana da Iya, ta juyo ta ce ya ce tunda na faɗa a gaban mutanensa, dole ya ga wani abu. In zauna.

Ukhti ta zaro wayata, na kira maigida. Ya fito daga darasi ke nan yana hanyar gida. Ya tambaya a hankali, ba ya ce in tafi da takardar ba? Na ce ya ce. Ya ce tana ina? Na ce in ya isa gida ya kira ni.

Jiran nan shi ne abin da ba na iya ba da labarinsa da dariya. Aka ba ni kujerar roba. Rana tana sauka a bayan hasumiyoyi, masu shaguna suna kunna fitilu, jama'a suna wucewa suna cin gyaɗa kamar ba abin da ke faruwa. Duk motar da ta rage gudu sai in ce tawa ce. Na fara tunanin wa zai kwashe shanyar da na bari, da yadda maigida zai koma aji kowa ya san matarsa ce aka mayar. Ukhti ta naɗe lemarta, karo na farko a ranar, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Iya ta ce za ta makara komawa gidan aikinta, amma ba ta tashi ba.

Wayar ta yi ƙara. Jami'in ya ce a sa ta a fili kowa ya ji. Maigida ya ce ya ɗaga katifa babu, ya duba cikin akwati babu. Na ce ya shiga kicin. Ya ce ya shiga. Na ce saman kanta, bayan buhun shinkafa, akwai robobi biyu da na taho da su daga gida.

"Ta daddawa ko ta kuka?"

"Ta kuka, Malam. A ƙasa, cikin leda."

Muka ji yana atishawa. Iya tana fassara wa jami'in, yana tambayar mece ce kuka, tana kwatanta masa da miyarsu ta ganye, mulukhiya. Ya tambaya ko a ƙasarmu a cikin miya ake ajiye takardun gwamnati. Iya ta ce a'a, wannan gidansu ne kawai.

Hoton takardar da maigida ya turo ya shigo wayata. Ledar ashe ta huje, takardar ta yi kore-kore, ga shatin babban yatsan maigida a gefe, amma hatimin yana nan, lambobin suna karantuwa. Jami'in ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kwafi lambar, ya ɗauki wayarsa ya koma bayan rumfar. Ina jin muryarsa ba na gane komai sai sunana, da ya faɗa sau biyu yana karya shi. Ya yi shiru yana saurare. Ya ce tamam, wato to madalla. Na kama hannun Iya, ta bar min shi duk da na san ina matse mata ƙashi.

Ya dawo daidai lokacin da ladanin masallacinmu ya gyara murya a lasifika, sauran hasumiyoyin suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ya jira aka ɗan lafa. Ya miƙo min wayata, ya yi magana a hankali yana kallona, ba Iya ba.

"Ya ce takardarki daidai take," in ji Iya. "Sunanki yana wurinsu, iƙamarki tana kan hanya. Ba inda za a kai ki. Ki tafi gida."

Na ce ta sake tambayarsa, ko gobe za su zo. Ta tambaya. Ya girgiza kai, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya madam, ba gobe, ba jibi. Na so in yi masa godiya, na nemi kalma ɗaya ta Larabci na rasa. Iya ta ce a bar ni in huta tukuna, ta aika a sayo min ruwan rake, ta riƙe min kofin da kanta.